Gudun Aro a Hanyar Shagari

Duk wanda ya taɓa taka keke daga Shagari zuwa Boɗinga a tsakiyar hunturu ya san abin da ake kira gajiya. Hanyar arewa ta nufa, iskar kuma daga arewa maso gabas take tasowa, don haka a ƙirji take tarar mutum. Kana taka feda, tana mayar da kai baya. Leɓe ya tsage, ido ya cika da ƙura, cinya ta yi nauyi kamar an ɗaura mata dutsen niƙa. A irin wannan hali ne za ka ji gurnanin gingimari a bayanka, ta taso daga wajen Tambuwal da lodi har wuya, tana tafe sannu sannu saboda ba ta gama fita gari ba. Sai zuciya ta raya maka cewa hannu kawai za ka miƙa.

Na miƙa hannun nan ya fi a ƙirga. Ina ɗan shekara 15 a lokacin. Gidanmu yana Boɗinga, kakarmu ta wajen uwa kuma tana zaune a Shagari, garin marigayi Alhaji Shehu Shagari wanda ya shugabanci Nijeriya daga 1979 zuwa 1983. Kusan kowane mako akwai aike tsakanin gidajen biyu: a kai mata gero ko kuɗin cefane, a dawo wa Inna da daddawa da kuka. Kuɗin mota ba kullum ake da shi ba, sai Baba ya sakar mini kekensa, baƙin Raleigh mai birkin ƙarfe wanda yake gogewa da tsumma kowace safiya kafin ya fita. Titin kuwa ba ƙaramin titi ba ne. Shi ne ya haɗa Sakkwato da Jega, ya bi ta Yawuri da Kwantagora ya gangara kudu. Motocin shanu da na albasa da na siminti suna gangarawa, na goro da katako da man fetur suna haurowa, ba dare ba rana.

Ba wanda ya zaunar da ni ya koya mini kama mota. Gani na yi wajen samarin da suka girme ni. Sun san inda babbar mota take rage gudu: bayan shingen jami'an tsaro, bakin tasha inda direbobi ke tsayawa cin abinci da salla, da wurin da hanya ta ɗan yi tudu har direba ya sauko da giya. A nan ake jira. Idan ta zo wucewa sai ka ƙara wuta a feda har gudunka ya yi daidai da nata, ka matsa kusa da kusurwar bodi ta dama, ka miƙa hannun hagu ka cafke ƙugiyar da ake ɗaure igiyar tamfal. Hannun dama shi kaɗai ke riƙe da kan keke. Shi ke nan, sai ka ɗauke ƙafa daga aiki.

Ba zan ɓoye ba, akwai daɗi a ciki. Iskar da take dukan ƙirjinka sai ta ɗauke ɗif, domin bodin motar ya tare ta. Gumi ya bushe. Itatuwan bakin hanya su riƙa wucewa da gudu, manoman da ke kan jakuna su zama kamar a tsaye suke. Tafiyar da za ta cinye maka hantsi guda sai ka ganka a bakin gari tun rana ba ta yi zafi ba. Na faɗi wannan ne domin na sha jin manya suna yi wa yara faɗa kamar abin hauka ne tsagwaronsa, babu komai a ciki sai neman mutuwa. Yaron da ya ɗanɗana ya san akwai abin da ake samu, kuma da zarar ya fahimci mai yi masa faɗa bai san wannan ba, sai ya toshe kunnensa ga sauran maganar.

Ina da ƙane da na ba shekara uku. Duk abin da na yi shi yake yi. Yadda nake naɗe hannun riga, yadda nake saukowa daga keke tun bai tsaya ba, har yadda nake tofar da yawu ta gefen baki. Wani lokaci nakan goya shi a kariya mu tafi Shagari tare, kuma a kan kariyar nan ya fara ganin hannuna a jikin mota. Bai ji tsoro ba, domin yayansa ne ke tuƙi. Rannan ya ce mini, “Yaya, yaushe za ka gwada min?” Na ce masa, “Ba ka isa ba tukuna.” A lokacin na ɗauka hana shi na yi. Yanzu na san babu kalmar da ta fi wannan tunzura yaro. Ban ce masa abin mugu ne ba. Na nuna masa cewa wani matsayi ne da ake kaiwa idan an girma, kamar ɗaukar azumi ko riƙe garma. Daga ranar ya fara ƙirga kwanakin isarsa.

Ranar da abin ya faru, keke biyu muka fita da su. Ni ina kan na Baba, shi kuma an ara masa na wani kawunmu, keken da ya fi ƙarfinsa, sai ya karkata kafin ƙafarsa ta kai feda. Mun kai saƙo, mun ci tuwo, kakarmu ta raka mu bakin zaure tana cewa, “Ku tahi da wuri, kada dare ya yi muku bisa hanya.” Muka kamo hanya bayan la'asar, iska kuwa ta taso kamar da gayya. Ba mu yi nisa ba na ga ya fara haki, yana tsayawa yana hutawa. Sai ga wata gingimari mai bodin katako ta fito daga gari tana jan jiki. Na dube shi, ya dube ni. Na ce, “Taho, ka riƙe da kyau, kada ka saki sai na ce.”

Ni na kama kusurwar dama, wurin da na saba. Shi kuma na nuna masa sarƙar ƙofar baya da ke lilo a tsakiya, domin a ganina can ya fi nisa da tayoyi, can ya fi aminci. Ya kama. Na ji dariyarsa a cikin ƙarar inji, dariyar yaron da ya ga yau ya isa. Motar ta ɗauki giya ta biyu, ta uku, ta miƙe.

Akwai rami a tsakiyar hannunmu na titi, irin wanda damina ke bari. Direba ya hango shi daga nesa, ya yi abin da kowane direba ke yi: ya saita motarsa ramin ya bi ta tsakanin tayoyi. Ko girgiza motar ba ta yi ba. Ƙanena kuwa yana daidai tsakiya, ba abin da yake gani sai katakon bodi a gaban hancinsa. Ramin ya fito daga ƙarƙashin motar kai tsaye zuwa tayarsa ta gaba. Abin da na ji shi ne ƙara ɗaya, kamar an jefar da buhun ƙarafa. Da na waiga, keken yana sama, shi yana birgima a kan kwalta, wata Peugeot ta haya kuma tana tahowa a bayansa tayoyinta suna kuka. Allah ya sa direbanta ya ba da tazara. Ta tsaya, tsakaninta da kansa bai fi taku uku ba.

Gingimarin ta ci gaba da tafiyarta. Har yau mai tuƙa ta bai san an yi haɗari a bayansa ba, kuma ban taɓa ganin laifinsa ba. Bai ɗauke mu ba, bai san da mu ba.

Direban Peugeot ɗin nan, dattijo mai furfura a gemu, shi ya sauke fasinja biyu daga gaba ya sa mu, ya bi ta gida aka ɗauki Baba, muka wuce asibiti a Sakkwato. Ƙashin cinyar hagu ya karye, fatar kafaɗa da ta gefen fuska ta saluɓe, haƙora biyu sun fita. A barandar asibiti Baba ya tambaye ni, “Mi ya faru?” Na ce jaki ne ya gitta masa. Ya dube ni, bai ce komai ba. Ƙanena da ya farfaɗo aka tambaye shi, ya kalli inda nake, shi ma ya ce jaki ne. Yana kwance da ƙarfe a ƙafa yana kare ni. Wannan ya fi komai ci mini rai, domin na ga ko ƙaryar ma a wajena ya ɗauka.

Kwana uku na yi ba na iya cin abinci. Na ga an fitar da buhunan geron da aka ajiye don bazara, na ga an kai ragon Inna kasuwa. A dare na uku bayan isha'i na sami Baba a zaure na durƙusa na faɗa masa gaskiya. Ashe dattijon nan ya gaya masa komai tun a mota, jira kawai yake ya ga ranar da zan buɗe baki. Ya tambaye ni, “Wa ya gwada mashi?” Na ce, “Ni na, Baba.” Ya yi shiru mai tsawo, sannan ya ce, “Ƙane ba ya jin abin da kac ce, abin da kay yi yake kallo.” Bai doke ni ba. Da ya doke ni da na fi samun sauƙi.

Na daɗe ina juya abin a raina kafin na gane inda kuskuren yake, domin da farko ina cewa da ban sa shi a tsakiya ba da bai faɗi ba. Daga baya na fahimci babu wurin aminci a jikin motar da ke tafiya. Wanda ke tsakiya ba ya ganin hanya. Wanda ke kusurwa yana dab da tayoyin baya, kuma tayoyin baya na doguwar mota ba sa bin sawun na gaba a kwana, ciki suke yankowa, su matse duk abin da ke gefensu. Idan direba ya kauce wa akuya ko ya ba wata mota hanya, gindin motar zai yi wurgi da mai riƙe da shi zuwa gefen titi inda yashi da tsakuwa suke. Idan ya taka birki, mai keke zai shige ƙarƙashin bodi, domin birkin babbar mota da iska yake aiki, na kekenmu kuwa ɗan guntun roba ne da ke goga a jikin ƙarfe. Ga kuma wani abu da ban lura da shi ba sai da na girma: tun 1972 Nijeriya ta koma tuƙi a hannun dama, saboda haka da hannun hagu muke kama mota, na dama ke kan keke, kuma a irin kekunanmu birkin da ke hannun dama na tayar gaba ne. Wanda ya matse shi da ƙarfi a cikin gudu, ta kai zai sauka.

Lissafin gudun ma abin tsoro ne. Yaro mai kaya a kariya da ƙyar yake wuce kilomita 15 a awa. Motar da ta miƙe a fili tana yin 60 ba tare da wahala ba. Gudu ya ninka sau 4, amma ƙarfin bugun da jiki zai sha idan ya faɗi ya ninka sau 16, domin haka ƙa'idar take: ninkin gudu ake ninkawa da kansa. A kilomita 60 a awa, mutum yana cin kusan mita 17 a kowace daƙiƙa, wato kafin ido ya gani, ƙwaƙwalwa ta gane, hannu ya saki, an riga an wuce wurin. Buguwa da abu a wannan gudun daidai take da faɗowa daga tsayin mita 14, kamar bene mai hawa huɗu. Ba uban da zai bar ɗansa ya yi lilo a bakin irin wannan bene, amma muna wuce yara a jikin tirela mu girgiza kai kawai. Direba kuma ba ya ganinsu. Madubinsa gefe yake nunawa, ba ya nuna abin da ke manne da gindin mota. Wanda ba ya hango madubin direba, direba ma ba ya hango shi.

Gudun da ba kai ka yi shi da ƙafarka ba, ba kai ke da ikon tsayar da shi ba. Wannan shi ne abin da na kasa gani ina ɗan shekara 15. Na ɗauka na ƙware, alhali ƙwarewata ba ta da aiki a wurin. Idona ba ya kan hanya, birkina ba ya kan motar, raina yana hannun mutumin da bai san ina duniya ba. Sau nawa na tsira, ba don iyawa ba, sai don ramin bai zo ta layina ba.

Masu zuwa dubiya sun yi ta cewa tsautsayi ne, ba ya wuce ranarsa. Na yi imani da ƙaddara, kuma na san da kyakkyawar niyya suka faɗa, don su sanyaya wa Inna zuciya. Amma na ƙi yarda in ɓuya a bayan wannan kalma. Malamanmu kan kawo labarin mutumin da aka umarta ya ɗaure raƙuminsa tukuna sannan ya dogara ga Allah. Ni ban ɗaure ba, kwancewa na yi da hannuna. A ƙasar da Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya zauna yana karantarwa a Sifawa kafin ya koma Sakkwato a 1815, ƙanensa Malam Abdullahi kuma yana nan Boɗinga, bai kamata a ce mun kasa bambance tawakkali da ganganci ba.

Abin da ya sa na ɗauko wannan tsohon ciwo shi ne abin da nake gani yanzu. Keke ya ragu a hanyar, babur ya karɓe, amma kama mota bai mutu ba, kama ya sauya. A cikin Sakkwato da sauran manyan garuruwanmu samari sun samu takalmi mai taya. Za ka gan su sun maƙale a bayan Keke Napep, ko a jikin motocin rakiyar amarya, ko a ayarin 'yan siyasa, wani ya riƙe mota, wani ya riƙe rigar wanda ya riƙe mota, har su yi jerin mutum huɗu ko biyar. Babu hular kwano, babu abin kare gwiwa. Tayar takalmin nan ba ta kai tafin hannu ba, tsakuwa ɗaya ta isa ta tsayar da ita cak, mai ita kuwa ya wuce. Mu a zamaninmu gajiya ce ke kai mu, kuma 'yan kallonmu ba su wuce manoman bakin hanya ba. Su yanzu akwai mai ɗaukarsu a waya, a sa a TikTok, dubban yara su gani. Abin da ƙanena ya koya a kan kariyata, yanzu yaro yana koyonsa a ɗakin uwarsa. Wasan takalmin taya ba laifi ba ne, motsa jiki ne mai kyau, kuma ina sha'awar ƙwarewar yaran nan. Fili suke bukata da aka keɓe musu, ba titin da tanka ke bi ba.

Ba mu kaɗai ke da wannan damuwa ba. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya nuna kusan mutum miliyan 1.19 ke mutuwa a haɗarin hanya kowace shekara, kuma shi ne kan gaba wajen kashe masu shekara 5 zuwa 29. Fiye da rabin mamatan masu tafiya a ƙasa ne da masu keke da masu babur. Yarjejeniyar zirga-zirgar hanya da aka ƙulla a birnin Vienna a 1968 ta hana mai keke ya bari wata mota ta ja shi, dokar hanya ta Ingila ta 1988 ma ta mai da riƙe mota mai tafiya laifi. Mu ma muna da Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa tun 1988. Sai dai jami'i ba zai tsaya a kowace kwana tsakanin Boɗinga da Shagari ba. Waɗanda ke wurin kullum su ne mai shayi, da mai faci, da 'yan kamasho, da masu sayar da rake a bakin tasha. A gabansu muke jiran mota, sun san sunayenmu, sun san iyayenmu. A duk shekarun da na yi ina wannan abu, mutum ɗaya ne ya taɓa kirana ya yi mini magana, wani tsoho mai gyaran keke, shi ma na yi masa alkawarin ƙarya na wuce. Da mutum biyar suka yi, da ɗaya ya taka zuwa wajen Baba, ina jin da labarin ya sauya.

Ina roƙon yaran mota su daina abin da wasunsu ke yi na dukan hannun yaro da bulala ko jifansa daga saman lodi don ya saki. Yaron da ya saki a firgice cikin gudu, faɗuwa zai yi. A buga wa direba bodi ya rage gudu a hankali, ya tsaya, sannan a yi wa yaron faɗan da ya dace, a kai shi gaban manyansa idan da hali. Iyaye kuma su dubi aiken da suke yi. Yaron da aka tura tafiya mai nisa a keken da ya fi ƙarfinsa, cikin iska ko cikin zafin bazara da ke haura digiri 40, an riga an sa shi a gaban jarrabawa. A ba shi kuɗin mota idan akwai, idan babu a tashe shi da sassafe, a ce masa ya kwana can idan ya gaji, ba wanda zai yi masa faɗa don ya makara.

Kai kuma da kake da ƙane, da kai nake magana fiye da kowa. Kada ka ce masa bai isa ba tukuna. Ka sauka daga jikin motar, ka gaya masa kai ma ka daina, ka bari ya ga ka daina.

Ƙanena ya yi wata huɗu kafin ya taka ƙasa. Soja yake so ya zama, tun yana ƙarami yake fareti da karan dawa a tsakar gida, amma ƙafar ta warke da gajarta, maganar ta mutu a nan. Ya koyi ɗinki, yana da shagonsa da iyalinsa, kuma bai taɓa ɗaga mini maganar ba ko sau ɗaya. Na nemi gafararsa bayan mun girma, ya ce ya yafe tun yana gadon asibiti. Muna salla a sahu ɗaya idan na je gida. Har yau idan aka zauna tahiya, sai ya miƙe ƙafar hagu gefe, domin ba ta lanƙwasuwa.